Wanda Yake Alwala a Gabanmu

Mai karatu, kafin in soma bari in gaya maka irin mutumin da yake ba ka wannan labari, domin ka san ma'aunin da za ka ɗora shi a kai. Shekarata hamsin a bana, haifaffen Kontagora ne ni, malamin makarantar sakandare, kuma darasin da na shafe fiye da shekara ashirin ina koyarwa shi ne labarin ƙasa, wato ni ne mai tsayawa gaban allo ina bayyana wa ɗalibai dalilin da ya sa ruwa yake ƙafewa, da dalilin da ya sa matafiyi yake hango tafki a inda babu tafki. Ban taɓa shan abin da yake gusar da hankali ba, ban kuma taɓa zama cikin masu ba da labarin aljanu a majalisa ba, hasali ma ni ne nakan ɓata musu hira da tambayoyi. Amma na rantse da Allahn da zai karɓi raina, abin da zan rubuta ya faru da ni, da rana tsaka, idona biyu, shekara tara da suka wuce, a cikin sahara, can gaba da Agadas.

Abin da ya kai ni can ƙanena ne, Haliru, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, na kuma ba shi shekara shida. Sana'arsa sayen hatsi ce tsakanin Beri da Kasuwan Garba, har zuwa lokacin da hanyar ta lalace, mutum ya koma ba ya fita da asuba da tabbacin zai kwana a gida. Da zaman ya ishe shi sai ya bi sahun masu tafiya haƙar zinariya arewa. Ranar da ya zo yi mini sallama ina duba takardun jarrabawa, na ɗauko taswira na shimfiɗa masa, na yi masa darasi na kusan rabin awa a kan nisan rijiyoyi da zafin rana. Ya saurara har na gama, sannan ya yi dariya ya ce, “Yaya, kai ka san ta a takarda, ni kuwa zan je in gano maka ita.” Na ce Allah ya kiyaye hanya, ban ɗago kaina ba, ban kuma raka shi tasha ba.

Abu biyu nake so ka riƙe game da Haliru, domin ba tare da su ba labarin ba zai yi maka ma'ana ba. Na farko, ba shi da babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Ya rasa shi muna yara a gonar mahaifinmu, kuma garmar da ta sare shi a hannuna take. Na biyu, in ya gama alwala ba ya barin saura a buta, sai ya tuntsurar da abin da ya rage ya kife butar a ƙasa, kuma mahaifiyarmu, Inna, ta yi ta yi masa faɗa a kan haka tun yana ƙarami har ya yi gemu, bai daina ba.

Wata goma sha ɗaya babu labarinsa. Sannan wata rana wani Bakambare mutumin Nasko mai suna Audu, wanda suka tafi tare, ya yi sallama a zaurenmu a rame, ya zauna ya ba mu abin da ya sani. Ya ce direbansu ya bar hanya domin ya yanke, motar ta mutu kusa da wani baƙin dutse, su goma sha ɗaya. Bayan kwana uku mutum huɗu suka yanke shawarar takawa da ƙafa, bakwai suka zauna, Haliru yana cikin waɗanda suka zauna saboda ƙafarsa ba ta jure doguwar tafiya a yashi. Kafin su rabu suka yi alkawari: duk wanda ya rasu, sauran za su karce sunansa da ƙusa a jikin ƙofar motar, in kuma taimako ya zo musu, su rubuta hakan kafin su bar wurin. Cikin huɗun da suka taka, Audu kaɗai aka tsinta da rai, ya yi watanni yana jinya a ƙasar da ba ya jin harshenta, kuma iyakar saninsa babu wanda ya koma wurin motar.

Inna tana bayan labule tana ji. Da Audu ya tafi ta kira ni, ba ta yi kuka ba, ta ce, “Kai ne mai karatun boko. Ka je ka karanto min ƙofar nan.” A gefenta matar Haliru ce, Hajara, da 'ya'yanta biyu, ba ta da miji ba ta kuma shiga takaba ba. Aikina ke nan, ba wani mai yawa ba ne: in je, in tsaya gaban ƙofar mota, in duba ko sunan ƙanena yana jiki, in dawo in faɗa wa mata biyu abin da za su yi da sauran rayuwarsu.

Na ɗauki hutu a lokacin sanyi, na bi ta Yawuri zuwa Sakkwato, na tsallaka iyaka, na kwana biyu a hanya kafin Agadas. A can babu direban da ya yarda ya bar hanya saboda mushen mota, sai aka haɗa ni da wani dattijo Ba'abzine mai suna Agali, mai kimanin shekara sittin, wanda da na kwatanta masa dutsen yadda Audu ya kwatanta mini ya gyaɗa kai ya ce ya san shi. Mota ta sauke mu a rijiya ta ƙarshe inda raƙumansa suke, daga nan kuma ƙafa ce, kwana biyar zuwa, kwana biyar dawowa. Raƙuma biyu muka ɗauka, ba don hawa ba, don kaya. Jarka goma ya cika a gabana, kowace an naɗe ta da buhu, kowace ta yini guda ce. Biyar ya ɗaura musu jan ƙyalle ya ce na tafiya ne, biyar kuma ya ɗaure bakinsu da wani ƙulli nasa ya ce na dawowa ne.

“Ka jiya, Malam,” in ji shi, da irin Hausarsu ta can, “ran da na tahiya ya ƙare, mun juya, ko muna hangen motar da idonmu. Ruwa kuma cikin ciki kaɗai yake shiga. Ba wanki, ba wanke baki, ba alwala. Kada ɗigo ya taɓa ƙasa.”

Da ya ga butar roba da na zo da ita daga gida rataye a jakata, sai ya tambaye ni ko shayi zan dafa a ciki. Na yi dariya, shi bai yi ba.

Zaman sahara ba shi da wuya a bayyana, domin yau da gobe duk ɗaya ne. Mukan tashi da asuba cikin sanyin da yake sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa, mu buga hannu a yashi mu yi taimama, mu yi salla, ya haɗa wuta da busasshen kashin raƙumi ya dafa shayi, mu ci dabino da cuku, mu ɗaura kaya mu kama hanya. Shi yana gaba riƙe da akala, ni ina baya ina ƙoƙarin sa ƙafata inda ya sa tasa, saboda yashi yana da wurin da yake ɗaukar mutum da wurin da yake haɗiye shi har idon sawu, kuma shi yana gane bambancin da ido. In rana ta kusa tsaka mu durƙusar da raƙuman, mu kafa sanda biyu mu ɗaura zane, mu shiga 'yar inuwar mu kwanta kamar marasa lafiya har zafin ya karye. Bayan la'asar mu sake tafiya zuwa faɗuwar rana. Abincin yamma gurasa ce da yakan kwaɓa ya binne cikin yashi mai zafi a ƙarƙashin garwashi, in ta nuna ya tono ta ya karkaɗe, mu ci, yashin yana ƙara a haƙora. Kwano da yashi ake goge shi, tsarki da duwatsu, ragowar shayi a gindin kofi kuwa sai ya sa yatsa ya lashe. Babu tsuntsu, babu ƙuda, babu ƙarar komai in ba numfashin raƙuma ba, har mutum ya soma jin bugun jininsa a kunne.

Yanzu na zo kan abin da na yi, kuma ba zan ƙawata shi ba. Ranar farko da azahar, da Baba Agali ya ja rawani ya rufe fuskarsa, na tashi a hankali na cika butata daga jarkar ranar, na zaga bayan wani tudu na yi alwala cikakkiya. Na san hukuncin taimama sarai, na karanta shi a gaban mahaifinmu tun ban kai shekara goma ba, kuma da wani ne ya tambaye ni da na ba shi amsa daidai. Amma mutumin da ya tashi a garin da damina take cika kwatami, wanda shekara arba'in bai taɓa tsayawa salla ba sai da sanyin ruwa a gwiwar hannunsa, akwai wani abu a jikinsa da ba ya yarda cewa ƙura ta tsarkake shi. Na kuma yi lissafi a kaina, irin na masu ilimi, na ce buta ɗaya a cikin jarka guda ba za ta kashe kowa ba. Na tsaya ina kallon wurin da na jiƙa yana bushewa, kafin in idar da raka'a huɗu ya koma kamar ba a taɓa zuba komai ba. Rana ta biyu na maimaita.

Da yammacin ranar ta biyu Baba Agali ya ɗaga jarkar da hannu ɗaya, ya ɗan jinjina ta, ya ajiye, sannan ya dube ni ya ce, “Malam, miƙo ƙafarka.” Na miƙa. Ya duba tsakanin yatsuna ya ce, “Kwana biyu muna taka ƙasa ɗaya, taka ta fi tawa haske. Sau nawa?”

Na ce sau biyu.

“A ƙasa ka zuba?”

“To a ina zan zuba, Baba?”

Ya juya garwashi da tsinke. Can ya ce, “Ruwan da ka ɓata bai dame ni kamar ƙasar da ka jiƙa ba. Wurin nan mutane da yawa sun kwanta da ƙishi a cikinsa. In ka jiƙa ƙasa ka shaida musu akwai ruwa ke nan. Mu ba mu yi, iyayenmu ma ba su yi ba.” Ya karɓi butar, ya zazzage ta, ya cusa ta can ƙasan kayan raƙumi na biyu ya ɗaure. Na ba shi haƙuri a kan ruwan da gaske, amma sauran maganar na ajiye ta a zuciyata cikin camfe-camfen mutanen daji, har na yi tunanin yadda zan ba ɗalibaina ita a matsayin misali in na koma.

Rana ta uku, dab da azahar, muna cikin wani fili shimfiɗaɗɗe da ido yake kai wa ƙarshensa ta kowace fuska, babu tudu babu dutse, sai raƙumin gaba ya tsaya ya ƙi motsi. Na leƙa ta gefensa. Taku kamar goma a gabanmu akwai wani baƙin tabo a kan farin yashin, faɗinsa bai kai na darduma ba. Jiƙaƙƙen wuri ne. A tsakiyarsa akwai sawun ƙafa biyu jere, dugadugan sun nutse kamar na wanda ya tsuguna, a gabansu ga inda ruwan kurkure baki ya faɗi, ga inda ruwan hannu ya tarwatse. Sawun dama yatsa biyar, na hagu huɗu. A gefe kuma ga zagayen bakin buta da aka kife. Babu sawun da ya zo wurin, babu wanda ya bar shi, yashin da yake kewaye sumul yake kamar an share.

Baba Agali ya ja akala ya soma kewaye wurin daga nesa, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “Kada ka taka, kada ka yi magana.” Ban ji ba. Na je na durƙusa na ɗora tafin hannuna, wallahi yashin da sanyi, har ya manne mini a hannu. Ni da na tsaya jiya da shekaranjiya na ga yadda rana take shanye irin wannan wuri, na san cewa duk wanda ya yi alwalar nan bai fi minti biyu da tashi ba. Na miƙe na duba gabas da yamma, kudu da arewa, babu kowa. Sai na ji bakina yana kiran “Haliru”, sau uku, muryar tana fita tana ɓacewa ba ta dawowa.

Da muka yi nisa muka kafa zane, Baba Agali ya kwance kayan raƙumi na biyu, ya zaro butata ya miƙo mini. Cikinta a jiƙe yake, har da ɗigo a bakinta. Ya jinjina jarkar ranar, ta ragu da abin da bai sha ba, ban sha ba, ni kuwa tun asuba ina bayansa yana jin takuna.

Na kwanta a inuwar ina neman bayani, domin aikina ke nan. Na ce ko akwai ruwa a kusa da saman ƙasa, amma ruwan ƙasa ba ya zana yatsu. Na ce ko fitsarin raƙumi ne na wasu matafiya, amma ina sawunsu? Na ce ko dattijon ne ya shirya mini domin in tsorata mu juya, amma bai bar gabana ba, kuma ban taɓa gaya masa zancen yatsan ba, ban ma gaya wa kowa a Agadas ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, a ƙarƙashin tsoron na ji wani farin ciki, kamar wanda ya ga takalmin ɗan'uwansa a ƙofar masallaci. Baba Agali bai ci gurasa ba a ranar, ya zauna yana jan carbi, in na yi masa magana sai ya amsa da kalma ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi ya nuna mini wani abu a ƙarshen sama, baƙi, kamar tukunya a kife, ya ce dutsen ke nan, gobe war haka muna gindinsa. Na ƙura masa ido har hawaye ya zubo mini. Muka ci gaba, ni ina ta duban rana ina fatan kada ta kai tsaka. Da ta kai, raƙuman biyu suka tsaya tare.

Wannan karon wurare bakwai ne, jere a layi ɗaya, tsakanin kowane da na kusa da shi kamar kamu uku, kowane da sawun mai tsugune, wani babba wani ƙarami, duk a jiƙe. Mai yatsa huɗu shi ne na ƙarshe daga hagu, kuma a gefensa kaɗai zagayen bakin butar yake, kamar buta ɗaya ce suka yi ta miƙa wa juna har ta zo kansa ya kife ta. Na ƙirga su sau biyu. Bakwai Audu ya ce sun zauna. A wannan karon ban kira kowa ba, abin da na iya kawai shi ne innalillahi a zuci.

Baba Agali ya sauke jarka ta biyar, ta gobe, wadda ba mu taɓa buɗewa ba, ya girgiza ta, muka ji ruwan yana kaɗawa can a gindi. Ya haɗa da ragowar ta ranar ya jinjina, ya rufe ido kamar mai auna hatsi, sannan ya ce, “Da da buta biyu a kan wannan, da na kai ka, mu sha da ƙyar. Babu. Mun juya.”

Na roƙe shi. Na ce ga dutsen muna gani, mu buɗe ɗaya daga cikin na dawowa, mu rage sha, ni na yarda in sha rabin rabona har mu koma. Na ce uwata tana zaune tana jira, akwai yarinya da 'ya'ya biyu da ba ta san matsayinta ba. Na yi masa lissafi da yatsu, na ɗaga murya, na ce ai don wannan na ɗauko shi.

Ya bar ni na gama. Ya ce, “Na dawowa ba nawa ba ne, ba naka ba ne, na mutum biyu ne da za su koma gida. Jiya ɗaya ya zo, yau bakwai. Ka san nawa ne gobe? Amma ban ɗaure ka ba, Malam. Ga raƙumi ɗaya, ga rabonka, ga dutse kana gani, ba ka buƙatar jagora. In ka karanta ƙofarka ka biyo sawuna.”

Ya soma raba jarkokin da gaske, biyu da rabi nan, biyu da rabi can, ba cikin fushi ba. Na tsaya ina kallon dutsen. Shekara tara ina gaya wa kaina cewa 'ya'yana na tuna, da Inna wadda ba za ta iya rasa biyu ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tunda na yi rantsuwa a farkon rubutun nan, dole in faɗi sauran: abin da na hango shi ne azahar ɗin gobe, ni kaɗai, a gindin dutsen, raƙumi ya tsaya ya ƙi motsi. Na ce masa ya mai da jarkokin wuri ɗaya. Ya ɗauki butata ya ajiye ta a kan yashi, muka juya mata baya. Kwana huɗu muka yi muna dawowa, babu abin da ya faru, ruwan bai ragu da ko cokali ba, kuma da muka rabu a rijiya ya riƙe hannuna ya ce Allah ya ba ni haƙuri, bai ƙara ambaton buta biyun da na zubar ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya auna, ko ya faɗa ne domin in ɗauki kayana in tafi da shi.

Na isa Kontagora da la'asar. Inna tana zaune a tabarma, Hajara tana tsaye a bakin ƙofa. Na yi niyyar in ce kawai ruwa ne ya ƙare, amma da Inna ta dube ni sai na ba da labarin duka, har da alwalata, har da yatsun, har da zagayen butar. Ina tsammanin za ta fahimci abin da ni na fahimta. Sai na ga fuskarta ta saki a karo na farko cikin shekara guda, ta ce, “Alhamdu lillahi. Matacce ba ya alwala, sai dai a yi masa. Yana nan, kuma bai bar salla ba.” Ta juya ta ce da Hajara ta share masa ɗakinsa.

Ka ga ke nan abin da na kawo musu ya fi rashin labari muni. Inna ta hana a yi masa addu'ar mamaci, ta hana a taɓa kayansa, duk malamin da ya zo da maganar sai ta ce a tambayi babban ɗanta abin da ya gani da idonsa. Hajara ta ƙara shekara huɗu a gidan, tana tsufa a gabanmu, kafin danginta su kai maganar gaban alƙali a raba auren, kuma ranar da ta kwashe kayanta ba ta yi mini sallama ba, ban kuma ga laifinta ba. Na yi ƙoƙarin komawa sau biyu. Karo na farko aka ce hanyar ba ta biyuwa, karo na biyu na isa Agadas aka ce Baba Agali ya rasu, wani kuma ya ce mini mota a wannan yanki ba ta shekara uku yashi bai rufe ta ba. Inna ta rasu bara waccan, kuma kwana biyu kafin rasuwarta ta tambaye ni ko an cika wa Haliru butarsa, domin kullum da azahar takan sa a ajiye masa ita a bayan ɗakinsa.

Ni ne nake cika ta yanzu, ban san dalili ba, ko kuma na sani ba na so in faɗa. Yawancin ranaku nakan same ta yadda na bar ta, ta ɗan ragu kaɗan, kuma na san rana ce take shan wannan, ni nake koyar da shi. Sau uku a cikin shekara biyun nan na same ta a kife, ƙasan wurin a jiƙe. Akwai awaki a gidan, akwai jikoki, kowannensu yana iya tuntsurar da buta. Wurin siminti ne, ba ya riƙe sawu, kuma na taɓa sayo yashi buhu guda domin in zuba a wurin, yana nan jingine a zaure har yau ban kwance bakinsa ba.

Shawarata gare ka ba ta da yawa. In tafiya ta kai ka ƙasar da ba taka ba, wanda ya san ta ya kafa maka doka, ka bi ko ba ka ga dalilinta ba, ka bar lissafinka sai ka dawo gida. In ruwa ya yi ƙaranci ka yi taimama, Allahn da ya halatta ta ya fi ka sanin tsarki. In kuma ɗan'uwanka ya zo yi maka sallama, ka ajiye abin da yake hannunka, ka tashi ka raka shi tasha, ka dubi fuskarsa da kyau. Ni abin da ya rage mini na Haliru sawun ƙafa ne, kuma ko shi rana ta shanye shi ina tsaye.